Soron kakanmu ya tsage: mu rushe, mu shafa siminti, ko mu gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu na gado yana cikin birnin Katsina, ginin ƙasa ne tun na kakanmu, da zaure da soro mai bakan gizo. A daminar bara katangar gabas ta tsage. 'Yan'uwana sun kasu biyu, wasu na cewa a rushe a yi shagunan bulo, wasu na cewa a shafe shi da siminti a huta. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Shin akwai wani ilimi a irin wannan gini da ya isa a kashe masa kuɗi, ko kuwa rashin hali ne ya sa mutanen da suka yi shi da ƙasa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya tun ba a kawo masu diga ba. Yawanci sai an gama aika-aika ake kiran irinmu. Kada ku rushe, kuma kada ku shafa siminti. A cikin shawarwarin nan biyu ma ta biyun ta fi ba ni tsoro, don wanda ya rushe ya san abin da ya yi, shi kuwa wanda ya shafa siminti yana zaton ceton gidan ya yi, alhali ajalinsa ya sa masa.

Bari in fara da maganar rashin hali, don ita ce ke cin zukatan mutane. Katsina ba garin matalauta ba ce a lokacin da aka yi waɗannan gine-gine. A ƙarni na 17 da na 18 tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa, ayarin raƙuma na shigo mata daga Agadas da Gat da Gadamas, malamai na zuwa karatu. Garin su Wali Ɗanmarina da Ɗanmasani ne, har yau ga unguwar Masanawa nan tana ɗauke da sunan. Sarakuna da attajiran da ke da halin sayen alkyabbar Masar da takardar Turai, da ƙasa suka yi ɗakunan kwanansu. Ita suke da ita a ƙarƙashin ƙafarsu, sun san halinta, kuma sun gwanance a kanta har ta kai su inda suke so.

In kana son shaida, je ka tsaya gindin Hasumiyar Gobarau. Tsayinta wajen mita 15, tarihin garin na danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, sama da shekara 500 ke nan, lokacin da take jikin babban masallacin birni. Dubi yadda gindinta ke da faɗi, tana hawa tana tsukewa hawa-hawa, kowane bene na zaune kan wanda ya fi shi ƙarfi. Wanda ya tsara wannan ya san nauyi, ya san ƙasa na jure danni amma ba ta jure ja. Amma kada ka ɗauka ta tsaya ne ita kaɗai duk tsawon shekarun nan. An sha gyara ta, an sha yaɓe ta, zamani bayan zamani. Riƙe wannan, don shi ne jigon duk abin da zan gaya maka: ginin ƙasa da hannun mutane yake rayuwa.

Gidanku kuma ba shi kaɗai ba ne, yanki ne na wani babban tsari. Tsohon birni yana da cibiya: Gidan Korau, wato fadar Sarkin Katsina, da filin Kangiwa a gabansa, da masallacin Juma'a, da kasuwa ba nisa. Daga nan hanyoyi ke miƙewa zuwa ƙofofi, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Ɗurɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, da Ƙofar 'Yanɗaka wadda Lugard ya shigo ta cikinta a 1903. Ganuwa ta kewaye su duka, har da gonaki da fadamu a ciki saboda ranar da aka rufe ƙofa. Bajamushen nan Barth da ya zo a 1851 ya ƙiyasta kewayenta da mil 13 zuwa 14. Lungunan da matasa ke ƙorafin mota ba ta shiga, ƙuncinsu ne ke sa katanga ta yi wa katanga inuwa. Kududdufan da muke ganin ƙazanta ce yanzu, daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar, su ne kuma ke shanye ruwan damina. Da aka cike su aka yi gini a kai, ruwan bai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi gindin katangun mutane.

Ko da Turawa suka zo ba su raina wannan fasaha ba. Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, da ƙasa aka gina ta, da hannun maginan gari. Makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938, amma ginin na nan, ya zama gidan tarihi. Ka shiga da azahar a watan Afrilu ka ji bambancin ciki da waje a jikinka. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka fara ganin dutse da kwano da siminti a manyan gine-ginen birni, irin su Masallacin Dutsi. Ba na kushe wannan, kowane zamani da kayan aikinsa. Abin da ya dame ni shi ne daga baya muka ɗauki sabon muka yar da ilimin tsohon gaba ɗaya.

Yanzu mu shiga jikin ginin. Katangarku da tubali aka yi ta, ba irin bulo mai kusurwa ba, tubalin hannu mai faɗin gindi da tsinin kai. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakewa, sannan a mulmula a shanya. Ana jera su a tsaye, tsinin na sama, a cike tsakaninsu da kwaɓi. Magini ba ya gaggawa, yakan ɗora 'yan layuka ya tafi, sai sun sha iska ya dawo. Katangar na da kauri a gindi tana sirancewa a sama. Kaurin nan ne ke tare zafi: ranar da ta bugi waje da hantsi ba ta isa ciki sai bayan sa'o'i masu yawa. Gaskiya ce kuma, da dare a bazara katangar kan saki zafin da ta sha, shi ya sa iyayenmu ke shimfiɗa a tsakar gida. Gidan an tsara shi da wannan a zuciya, ɗaki na rana, tsakar gida na dare, da hunturu kuma ɗakin ya riƙe ɗumi.

Inda gwanintar take sosai shi ne rufi, kuma nan nake so ka zaunar da 'yan'uwanka su ɗaga kai su duba. Matsalar maginin ƙasar Hausa ita ce ba shi da dogon katako. Abin da yake da shi azara ce, wadda ake tsagawa daga giginya. Tana da ƙarfi, gara ba ta cika damunta ba, amma in ka ɗora mata nauyin rufin ƙasa ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kamar mita 2 sai ta fara lanƙwasa. To yaya za a yi a rufe zauren da ya ninka haka sau uku ko huɗu ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba?

Amsar ita ce bakan gizo. Tun daga cikin katanga magini ke dasa azara, ta fito kaɗan tana kallon tsakiyar ɗaki. Sai ya ɗaure wata a kanta da igiya, ta ƙara fitowa tana ƙara karkata, ya lulluɓe da kwaɓi, ya jira ya bushe. Haka zai yi ta yi daga ɓangarori biyu, gaɓa bayan gaɓa, har ƙafafun biyu su haɗu a sama. Babu katakon tallafi a ƙasa, babu zane a takarda, ido ne da igiya da abin da ya koya wurin ubangidansa. In ka lura, dabarar kankare da rodi ce tun ba a san su a nan ba: azara na ɗaukar ja, ƙasa na ɗaukar danni. In bakuna biyu ko fiye suka gitta juna a tsakiya, shi ne ɗaurin guga. Su ke raba rufin zuwa ƙananan gurabe waɗanda gajeriyar azara za ta iya rufewa, a jera ta a karkace tana ba da zane, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a fitar da tulluwa a sama don ruwa ya gangare. Sau da yawa a mahaɗar bakunan za ka ga an manna tasa ko faranti mai ƙyalli.

Wannan fasaha ce ta kai ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, kuma tana nan a sorayen fadar Daura da na Gidan Korau. Masu nazarin gine-gine daga ƙasashen waje sun zo sun auna irin waɗannan rufi sun zana su. Ku kuna da ɗaya a gida. A ganina ma, tsofaffin gidajen Katsina sun fi ɓoye kyansu a ciki. Daga waje katanga ce shiru da zankwaye a kusurwa, wani lokaci da ɗan zanen dagi a saman ƙofa, sai ka shiga zaure ka ɗaga kai sannan ka san gidan wane ne. Hakan ya dace da tsarin gidan kansa: baƙo ya tsaya zaure, na kusa ya kai shigifa, cikin gida sai muharrami.

To me ke kashe irin wannan gini? Ruwa. Ba tsufa ba. Ka ce katangar gabas ce ta tsage, ban yi mamaki ba, don hadarinmu daga gabas yake tasowa, ita ke shan dukan ruwa da iska kowace damina. Magabata sun san haka, suna da magungunansa. Akwai makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana jiƙawa a haɗa da ƙasa a yaɓe katanga, ita ke ba ta wannan launi mai duhu-duhu. Akwai laso na rufi da rawanin gini, wanda ake haɗawa da katsi, wato tokar da ake samu daga laka ta karofin marina bayan an ƙone ta, da gashin jima, da ruwan dafara. Akwai indararo da ke jefa ruwa nesa da katanga. Duba yadda sana'o'i ke riƙe da juna: marina na ba magini katsi, majema na ba shi gashi, mai gona na ba shi makuba. Da karofi suka mutu, laso ya yi wuya. Da aka sare giginya ba a dasa ba, azara ta yi tsada. Kuma duk waɗannan ba na har abada ba ne, ana sabunta su. Da can kowace shekara kafin ruwa ya sauka, maigida kan sa a hau rufi a toshe tsaga, a gyara indararo, a yi yaɓe inda ya zaizaye. Mutanen Jenne a ƙasar Mali har yau haka suke yi wa babban masallacinsu da aka sake ginawa a 1907, gari guda ke fitowa gayya a yaɓe shi kowace shekara. Maƙwabtanmu na Agadas sun riƙe tsohon garinsu da hasumiyarsu mai tsayin mita 27, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Mu muka bar yaɓen shekara, sannan muka ce ƙasa ba ta da ƙarko.

Ga dalilin da ya sa nake tsoron siminti. Katangar ƙasa tana shan laima tana fitarwa. In damina ta wuce, iskar hunturu ta busar da ita. Siminti ba ya barin laimar ta fita. Kuma shi da ƙasa ba sa kamuwa da gaske, zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, don haka ba a daɗewa sai ya yi 'yan tsagogi sirara. Ruwa ya shiga ta nan, ko ya tsotso daga ƙasa, ya rasa mafita. Daga waje bango na sheƙi da fenti, ciki kuwa tubali na narkewa, bakin azarar da ke cikin katanga na ruɓewa. Na taɓa ganin wannan da idona a wani zaure da aka kira ni in duba. An shafe shi da siminti 'yan shekaru kafin nan, masu gidan na murna sun huta. Na ƙwanƙwasa bangon na ji yana amsawa kamar ƙwarya. Da muka ɓamɓare kaɗan, ƙasar da ke baya na cika hannu da ita kamar kwaɓin da aka yi yau. Na ce a fitar da yaran makarantar allon da ke karatu a ciki, aka fitar da su, alhamdu lillahi. Cikin watan Agusta na shekarar zauren ya zauna. Har yanzu in na tuna bakan gizon da ke cikinsa sai raina ya ɓaci, don da makuba aka ci gaba da yi masa da yana nan.

Abin da za ku yi kafin komai shi ne ku gane irin tsagar. In siririya ce a fatar yaɓe, ba ta shiga ciki ba, wannan aikin kwana biyu ne. In ta ratsa kaurin katangar, musamman a kusurwa ko ƙarƙashin inda ƙafar bakan gizo ta zauna, ko kuma katangar ta fara turo ciki waje, to kada kowa ya kwana a ɗakin, a tokare rufin da itace mai ƙarfi, a kira magini. Akwai gwaji mai sauƙi: a manna ɗan kwaɓi a kan tsagar wuri biyu ko uku, a rubuta ranar, a duba bayan mako biyu. In ya tsage, ginin na motsi har yanzu, sai an nemo dalili.

Dalilin kuwa sau da yawa yana sama ko yana ƙasa. A sama, indararo ya toshe ko ya karye, ruwa na bin jikin bango, ko rufi ya yi kwari ruwa na kwana. A ƙasa, kwata na bin gindin katanga, ko maƙwabci ya juyo da ruwan gidansa, ko an ɗaga titi ya fi daɓen gidan tudu. Wannan na ƙarshen ya yi wa cikin birni illa ƙwarai, gidaje da yawa yanzu gangarawa ake yi a shiga zaurensu. In kun ga gindin bango na yin fari-fari yana zuba kamar gari, abin da mutane ke cewa gishiri na cin gini, laima ce daga ƙasa. Sai an kawar da ruwan tukuna, in ba haka ba duk gyaran da aka yi asara ce. Bayan nan a buɗe tsagar, a ɗinke ta da gajerun azara a gicciye, a cike da sabon tubali da kwaɓi irin na asali, a bar shi ya bushe sosai, a yi yaɓe. A duba bakin kowace azara da tsinken ƙarfe, wadda ta yi laushi a canza ta. Siminti yana da gurbinsa: a yi magudanar ruwa da shi nesa kaɗan da bango, a yi banɗaki da wurin wanki da shi a ware daga tsohon ginin. Lokacin aikin kuma rani ne, daga bayan kaka zuwa kafin bazara ta yi nisa. Ba a gyaran ƙasa hadari na haɗuwa.

Wasu za su ce a ɗora kwano a kan rufin. Ba na so, don yana ɓata surar gini, yana shafe zanko da rawani. Amma in zaɓin ya zama ko kwano ko a rasa soron, to a sa kwano, a ɗaga shi iska na wucewa ta ƙarƙashi, a bar masa baki mai tsawo ya kare bango, a bar rufin ƙasar yadda yake a ƙasa. Kwano ana iya cire shi wata rana.

Su kuma 'yan'uwanka masu maganar shaguna, kada ka ɗauke su marasa kishi. Gidan gado mai magada da yawa nauyi ne, kuma kuɗin haya abin so ne. Ginin ƙasa yana da nasa wahalhalu: yana son kulawa kowace shekara, tagoginsa ƙanana ne, sa masa famfo da waya sai da hankali. Amma a yi lissafi da gaskiya. Kuɗin rushewa da kwashe ƙasa da sayen bulo da rodi da siminti a farashin yau, a ajiye shi gefe guda, a ajiye kuɗin gyara da na yaɓen shekara goma a ɗaya gefen. A ƙara da kuɗin fanka da janareta da ɗakin bulo mai rufin kwano zai ci kowace bazara. In har dole sai an yi shago, a nemi ɓangaren katangar da ba ta ɗauke da rufi, ko wani ɗaki da ya riga ya lalace, a yi a nan, ginin ya tsaya da ƙafarsa kada ya jingina da tsohon. Kada a fasa bangon zaure a sa ƙofar ƙarfe mai faɗi, don wannan bangon shi ke danne gindin azarar da ke riƙe da bakan gizo. Zaure da soro su ne gidan, su za a tsare.

Kada kuma ku zauna jiran gwamnati. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana duba wurare irin su Gobarau da tsohuwar kwaleji, amma gidan gado irin naku a hannun magada yake. Ganuwa ma da take ta kowa, ka ga yadda aka yi ta ɗibar ƙasarta ana gini a kanta har ta saura guntu-guntu.

Abin da ya fi wuyar samu a wannan aiki ba azara ba ce, mutum ne. Masu iya ɗora bulo sun cika gari, amma wanda zai tayar da bakan gizo daga tushe, ko ya gyara wanda ya raunana ba tare da ya sauke shi ba, sun ragu ƙwarai, kuma yawancinsu dattawa ne. Ka tambaya ta wajen mai unguwa, ko ta gidan Sarkin Magina, ko wurin masu sayar da azara, su sun san wanda ke saye. In ka same shi, ka nemi ya kai ka wani aikin da ya yi wanda ya ga damina biyar ko fiye. Ka biya shi hakkinsa da kyau, kada a yi masa cinikin lebura. Kafin ya taɓa komai, ka ɗauki hoton kowane lungu na soron da wayarka, ka auna faɗi da tsawo da kaurin bango ka rubuta, ka zauna da tsofaffin gidan su gaya maka wanda ya gina shi da lokacin da aka yi. Sannan ka zaɓi yaro ɗaya ko biyu daga cikin 'ya'yanku masu son aikin hannu, su tsaya tare da maginin tun daga kwaɓi har yaɓe, suna miƙa masa tubali suna kallon yadda yake ɗaurin azara. Amma tun yau, kafin a kai ga duk wannan, a sa tsani a hau a duba indararon gabas.